Masu sayar da laftof, ku daina ɗora wa mutane Windows 7 kuna cewa "ba ta damunka da ofdet"

Yau faɗa na zo yi, kuma da abokan sana'ata zan yi shi, amma kai mai saye ka tsaya ka ji, don aljihunka ne a ciki.

Makon jiya wani ɗalibi da ke karatu a Kazaure ya zo rumfata nan Achilafiya ransa a ɓace. An ƙwace masa Facebook, an bi danginsa ɗaya bayan ɗaya ana cewa ya yi hatsari a taimaka, har gwaggonsa ta tura kuɗi. Shi a zatonsa wayarsa aka yi wa kutse. Na duba waya, lafiyarta ƙalau. Da muka kunna laftof ɗinsa sai ga Windows 7, burauza cike da kalmomin sirrin da ya ajiye, ga wasu manhajoji da shi kansa bai san ranar da suka shiga ba. Na ce wa ya sa maka wannan? Ya ce wanda ya sayar masa ne, wai ya ce masa ai Seven ba ta da na biyu, ba ta da nauyi, ba ta damunka da ofdet.

To wallahi wannan magana ta ƙarshe ita ta ɓata min rai. Ba ta damunka da ofdet ne saboda babu mai aiko mata da shi kuma.

Kar wani ya ce ƙiyayya ce. Da Windows 7 nake cin abinci. Tsohuwar kwamfutar da nake yi wa Tecno da Itel filashin da ita, Seven ce a kai, don direbobin MTK da SPD sun fi zama a kanta ba tare da rigima ba. Kuma na san tarihinta. Microsoft ya fitar da ita ranar 22 ga Oktoba, 2009, bayan Vista ta 2007 ta gajiyar da mutane da nauyi da yawan tambayar izini. Da yawa ma sun ƙi barin XP ta 2001 sai da Seven ta zo. RAM 1GB ya ishe ta tashi. Ita ta kawo maƙala manhajar da kake so a layin ƙasa, da jan taga gefe ta cika rabin fuska don ka buɗe abu biyu lokaci guda. Da Windows 8 ta zo a 2012 aka cire maɓallin Start, sai mutane suka ƙara riƙe ta gam. Duk wannan gaskiya ne, ba na ja.

Amma ranar 14 ga Janairu, 2020, Microsoft ya daina ba ta kariya. Ka ɗauka gida ne mai kyau, amma magini ya ce ya gama da shi, duk ɓarakar da ta fito a katanga haka za ta zauna, ɓarayin gari kuwa suna sanar da juna inda take. Chrome ma ya tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, daga nan bai ƙara sabuntuwa a kanta ba. Wato ƙofar da kake leƙa intanet ta ciki ita ma ta tsufa.

Ka tuna WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida? Mafi yawan waɗanda ta kama Windows 7 ce a kansu. Lokacin ma ana kula da ita, an fitar da maganin tun watan Maris, waɗanda suka ƙi yin ofdet ne suka sha. Yanzu da babu maganin gaba ɗaya fa?

Wani zai ce, ni da ke ƙauye wa ya san da ni? Malam, mai kutse ba ya tambayar garinku. Tarko yake ɗanawa, duk wanda ya taka shi ne nasa, ko a Landan yake ko a Roni. Ƙari a kan haka, yawancin Seven ɗin da ake ɗora wa mutane kwafi ce ta bayan fage, daga filash ɗin da ya zaga rumfa goma. Me ke cikinta? Shi mai sawar ma bai sani ba.

Na san uzurin: babu kuɗin sabuwa. Haka ne. Windows 11 tana son RAM 4GB da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, tsofaffin laftof ɗinmu da yawa ba su da shi. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Amma rashin kuɗi bai sa a yi wa mutum ƙarya ba. Ka faɗa masa gaskiya: wannan ta buga takardu ce, da kallon fim, da karatu. Banki, imel, Facebook, duk ya yi su a wayarsa. Tawa ta filashin ba ta hawa intanet sam, fayil ɗin da nake buƙata a waya nake saukewa in tura mata.

In kuwa dole sai ya hau intanet da ita, akwai Linux Mint, kyauta ce, ana sabunta ta, kuma nau'inta na Xfce yana tafiya a kan tsofaffin na'urori. Sai an ɗan koya, kwana biyu za ka yi kana lalube. Abin da ya sa abokan aikina ba sa sa wa mutane ita ke nan, ba sa son zaman bayani, sun fi son minti talatin a karɓi kuɗi.

Ɗalibin nan dai mun zauna mun canza duk kalmomin sirrinsa daga waya, muka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, na kwashe masa takardunsa na wanke laftof ɗin tas. Kuɗin gwaggo kam ba su dawo ba, kuma har yanzu kunyar zuwa gaishe ta yake ji.