Kafin ka sayi sabon batir, a gwada altaneta tukuna!

Jama'a, wannan abu ya isa haka. Mota ta ƙi tashi da safe, ka kira mai rewaya, ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce, "Alhaji, batir ne ya mutu." Ka lale kuɗi ka sayi sabo. Bayan sati biyu ga ka nan ana tura ka a bakin titi.

Ɗan'uwa, batir randa ce, altaneta ita ce famfon da ke cika ta. In famfo ya ɗauke, ko sabuwar randa ka kawo sai ta ƙafe.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne cire kan batir mota na kunne, wai gwaji ake: in ta mutu, altaneta ce. Kar ka yarda a yi wa motarka haka! Batir ne ke danne wuta in ta yi tsalle. Da an cire shi, tana iya ƙona birenbokis ko ita altanetar. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ga gwajin gaskiya. Samu mita, ka juya ta zuwa DC 20V, jar waya a kan (+), baƙa a kan (−):

1. Mota a kashe, ta huta: 12.6 batir a cike yake. 12.0 zuwa ƙasa, ya zube.
2. Ka tayar da ita: a yawancin motoci za ka ga 13.5 zuwa 14.7. In lambar ba ta motsa ba, caji ba ya shiga.
3. Kunna fitilu da AC: in ta faɗo ƙasa da 13 ko da ka ɗan taka totur, akwai matsala.
4. In ta haura 15, regileta ta lalace, dafa batir ɗin take yi.

Ko caji ba ya shiga, kar a yi saurin kwance altaneta. A duba fanbel ko ya saki, kan batir ko ya yi farin gari, da fiyus, da wayar da ke ɗaure a jikin mota.

Mai rewayar da ba shi da mita, canki-canki yake yi da aljihunka. Ka ce ya nuna maka lamba, in babu, ka yi gaba.

Tura wa abokinka mai mota kafin a sayar masa da batir na uku.