Yadi ba mita ba ne: a riƙa faɗa wa mai saye da wane awo aka yanka masa

Duk mai sayen shadda ko yadin ɗinki a Kasuwar Dole ta Damagaram ya san tambayar: “Nawa za a yanka maka?” Ka ce goma, a yanka. Goman me? Nan ake yin shiru.

Yadi ɗaya santimita 91.44 ne, haka ƙasashen da ke amfani da shi suka tsayar a 1959. Mita kuwa santimita 100 ce. Wanda ya biya kuɗin mita 10 aka auna masa yadi 10 ya tafi gida da giɓin kusan santimita 86. A babbar riga wannan ba ƙaramin abu ba ne: ko hannu ya gajarce, ko wando ya fito ɗangalalle, kuma tela ne zai sha zagi ana gobe Sallah.

Ba kullum ha'inci ne ba. Zinder na zaune tsakanin awo biyu. Tun da Faransawa suka kama garin a 1899, mita ta shiga makaranta da ofis da takardar fili. Amma kaya da yawa daga Kano suke zuwa, daga Kantin Kwari, inda yadi da inci ke mulki. Igiyar awon tela ma fuska biyu gare ta, inci a gefe guda, santimita a ɗayan. 'Yan'uwanmu da ke Aljeriya, Libiya ko Faransa su turo awonsu ta WhatsApp, lamba tsirara: “kafaɗa 18.” Tela ya yi ta canke, alhali inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Wasu na cewa a koma wa awon iyaye, kamu da taƙi da gaba. Ina son kalmomin nan, kuma har yau da gaba ake faɗin zurfin rijiya da tsawon igiyar guga a ƙauyukan Mirriya da Magariya. Sai dai kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, kuma hannun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. A da mai saye na tsaye yana kallon hannun da ke awon, yana iya cewa bai yarda ba. Wanda ya aiko da kuɗi daga Tamanraset ba ya ganin komai.

Abin da nake nema kaɗan ne. Kowane mai yankan yadi ya kafa sandar mita mai lamba a kan teburinsa, ya rubuta farashi da sunan awon. Hukumar ANMC, wadda kula da ma'auni ke hannunta, ta riƙa duba sandunan nan tare da shugabannin kasuwa. Kai kuma mai turo awo daga waje, rubuta “santimita” kusa da lambar kafin ka aika wa tela.