Gardamar Magoya Bayan Liverpool: Laifin Ɗan Wasa Ne Ko Na Shugabanni?

Ran 11 ga watan Mayu, 1925 ko 1975, da wuya a ce an taɓa ganin irin abin da ya faru a filin wasa na Anfield a wannan rana ta shekarar 2025. Kulob ɗin Liverpool na ƙasar Ingila yana karawa da Arsenal, makonni biyu kacal bayan da ya zama zakaran Ingila karo na 20, sai aka sako Trent Alexander-Arnold cikin wasa bayan an dawo daga hutun rabin lokaci. Nan take wani sashe na 'yan kallo ya ɓarke da ihu, kuma duk sa'ad da ya taɓa ƙwallo sai a sake yi masa. Masu wannan ihu kuwa magoya bayan Liverpool ne da kansu, wanda ake yi wa kuma mataimakin kyaftin ɗinsu ne, haifaffen unguwar West Derby a cikin birnin, wanda ya shiga makarantar horar da yara ta kulob ɗin tun yana ɗan shekara 6.

Dalili shi ne ran 5 ga watan ya ba da sanarwar cewa ba zai sabunta kwantiraginsa ba, kowa kuma ya san Real Madrid ta ƙasar Sifen ce ke jiransa. Daga wannan rana gardama ta kaure, ba a Ingila kaɗai ba, har a gidajen kallon ƙwallo na Kano da Kaduna da Jos, inda Liverpool ke da ɗimbin magoya baya, musamman saboda Mohamed Salah ɗan ƙasar Masar. Gardamar ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba, ta bi kulob ɗin har cikin cinikin 'yan wasa da ya yi a hutun ƙarshen kakar wasa ta wannan shekara.

Hujjojin ɓangarori biyu

Masu ganin laifin ɗan wasan suna cewa Liverpool ce ta raine shi shekara 20, ta koya masa sana'a, ta fito da shi duniya ta san shi. Da yana da niyyar tafiya, in ji su, sai ya sa hannu a sabon kwantiragi domin duk mai son sa ya biya kuɗi masu tsoka, maimakon ya yi shiru har wa'adinsa ya ƙare, ya tafi kusan a kyauta. Abin da Real Madrid ta biya shi ne yuro miliyan 10, shi ma don a sallame shi da wuri ya buga mata gasar kofin duniya ta kulob-kulob a Amurka. Wani abin da ya ƙara musu zafi kuma shi ne inda ya nufa, domin Real Madrid ce ta doke Liverpool a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2018 da kuma 2022, yana cikin waɗanda aka doke a duka biyun.

Masu kare shi kuwa suna tuna wa jama'a cewa ya buga wa kulob ɗin wasa 354, ya ci kofin zakarun Turai a 2019, da kofin Ingila a 2020 da 2025. Shi ne ya yi bugun kusurwar nan na gaggawa da Divock Origi ya jefa a raga aka fitar da Barcelona da ci 4 da nema a watan Mayu na 2019. Bai taɓa yin yajin aiki ba, bai kuma karya alkawari ba. Ya sa hannu a 2021 cewa zai yi shekara huɗu, ya kuwa yi su cif. Tsohon kocinsa Jurgen Klopp ya ce da ya ji ihun sai ya kashe talabijin, Salah ma ya fito fili ya ce wannan ɗan wasa bai cancanci a yi masa haka ba.

Abin da doka ta ce

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a dubi yadda aka zo wannan matsayi. A da, ko kwantiragin ɗan wasa ya ƙare, kulob ɗinsa yana iya hana shi komawa wani wuri sai an biya shi. Wani ɗan wasa na ƙasar Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman, wanda kulob ɗinsa na birnin Liege ya tare wa hanyar zuwa Dunkerque ta Faransa a 1990, shi ya kai ƙara, kuma ran 15 ga Disamba, 1995 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Tun daga lokacin, ɗan wasan da wa'adinsa ya cika yana da ikon tafiya ba tare da an biya ko kwabo ba. Bugu da ƙari, ƙa'idar hukumar FIFA ta ba shi damar ƙulla yarjejeniya da wani kulob idan saura wata shida wa'adin ya cika.

Ita kanta Liverpool ta sha cin moriyar wannan doka. Ta haka ta sami Gary McAllister da Markus Babbel a 2000, da James Milner daga Manchester City a 2015, da Joel Matip daga Schalke ta Jamus a 2016, ba a kuwa ji wani a Anfield ya ce an zalunci waɗancan kulob-kulob ba. Ita kuma Real Madrid ba ta ɓoye dabararta ba. Ta ɗauki David Alaba a 2021, da Antonio Rudiger a 2022, da Kylian Mbappe a 2024, dukansu bayan ƙarewar kwantiragi. Tun a 1999 ma ta yi wa Liverpool irin wannan, sa'ad da ta ɗauke Steve McManaman, shi ma ɗan gida. Duk shugaban kulob da ya bar gwaninsa ya shiga shekarar ƙarshe ba tare da an daidaita ba ya san abin da ke iya biyo baya.

Sakacin ofis

A nan ne ya kamata magoya baya su fi mai da hankali. Liverpool ta shiga kakar wasa ta 2024 zuwa 2025 da manyan 'yan wasanta uku, watau Salah, da kyaftin Virgil van Dijk, da Alexander-Arnold, duk kwantiraginsu zai ƙare rana ɗaya. Hakan bai rasa nasaba da yawan canje-canjen da aka yi a ofishin daraktan wasanni, wanda shi ke da alhakin saye da sayarwa da sabunta yarjejeniya. Michael Edwards ya bar kujerar a 2022. Julian Ward da ya gaje shi ya yi shekara guda ya sauka. Jorg Schmadtke ya riƙe na 'yan watanni ya tafi a Janairun 2024, watan da Klopp ya ba da sanarwar zai ajiye aiki. Sai a tsakiyar 2024 Richard Hughes ya kama aiki, tare da sabon koci Arne Slot daga Feyenoord ta Holan.

Ke nan a shekarar 2023, lokacin da ya fi dacewa a zauna da Alexander-Arnold yana da sauran shekara biyu, ofishin yana hannun mai riƙon ƙwarya. Da aka zo kan teburi a makare, an samu an shawo kan Salah da Van Dijk a watan Afrilu na 2025, kowannensu ya ƙara shekara biyu. Amma su biyun sun haura shekara 30. Wanda ya kuɓuce shi ne ɗan shekara 26, wanda ya fi su daraja a kasuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma batun biyayya da ake ta ambato. A dokar kuɗi ta gasar Firimiya da ke aiki a lokacin, ba a yarda kulob ya yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku ba, kuma an rage wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023 zuwa 2024 saboda keta ta. A lissafin akantoci, kuɗin da aka sayi ɗan wasa ana rarraba shi ne a kan shekarun kwantiraginsa, amma wanda aka raina a gida ba a saye shi ba, saboda haka duk abin da aka samu a kansa riba ce zalla. Wannan ya sa 'yan gida suka zama hajar da ta fi saurin fita a kulob-kulob na Ingila. A hutun 2025 Liverpool ta sayar da Jarell Quansah, wanda ya shigo makarantarta tun yana ƙaramin yaro, ga Bayer Leverkusen, ta kuma sayar da mai tsaron gida Caoimhin Kelleher ga Brentford. Babu wanda ya kira wannan cin amana. Ashe abin da ya ɓata wa mutane rai ba rabuwa da ɗan gida ba ne, rashin samun kuɗi a kansa ne.

Cinikin hutu

Ba za a yi maganar wannan hutu ba sai an ambaci babban rashin da kulob ɗin ya yi ran 3 ga Yuli, 2025, sa'ad da Diogo Jota da ƙanensa Andre Silva suka rasu a hatsarin mota a ƙasar Sifen. An jingine riga mai lamba 20 don tunawa da shi. Wannan giɓi ne da babu shugaban da ya shirya masa.

Sauran sauye-sauyen kuwa da gangan aka yi su. An sayar da Luis Diaz ga Bayern Munich a kan fam miliyan 65 da ɗoriya, aka sayar da Darwin Nunez ga Al-Hilal ta Saudiyya. Aka sayo Florian Wirtz a kan fam miliyan 100 da sharaɗin ƙarin miliyan 16, da Hugo Ekitike, da Milos Kerkez, da Jeremie Frimpong. Jimillar abin da aka kashe ta haura fam miliyan 400, abin da aka samu daga sayarwa kuma ya haura miliyan 200. Magoya baya da yawa suka yi ta murna, amma akwai masu tsokaci cewa an cika gaba da 'yan wasa an bar baya a sake, tsoron da ya ƙaru bayan cinikin Marc Guehi daga Crystal Palace ya wargaje a ranar da aka rufe kasuwa.

A wannan rana ce, Litinin 1 ga Satumba, aka kammala cinikin Alexander Isak daga Newcastle a kan fam miliyan 125, kuɗi mafi yawa da wani kulob na Ingila ya taɓa biya ya zuwa lokacin. Isak yana da sauran shekara uku a kwantiraginsa. Bai bi abokan wasansa rangadin ƙasashen Asiya ba, ya koma yana motsa jiki shi kaɗai a tsohon kulob ɗinsa Real Sociedad, ya kuma fito ya ce an saɓa masa alkawari, har Newcastle ta gaji ta sake shi. Anfield ta tarbe shi da tafi. Wata huɗu kafin nan, a filin nan dai aka yi wa mutumin da ya cika wa'adinsa ihu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da tarihi ya nuna

Tarihin Liverpool ya nuna cewa tafiyar gwani ba ta kashe kulob, abin da ake yi bayan tafiyarsa shi ke raya shi ko ya durƙusar da shi. A 1977 Kevin Keegan ya koma Hamburg ta Jamus a kan fam 500,000, Bob Paisley ya ɗauki 440,000 daga ciki ya sayo Kenny Dalglish daga Celtic, wanda ya ci ƙwallon da ta ba su kofin Turai a Wembley a 1978. A Janairun 2018 an sayar da Philippe Coutinho ga Barcelona, a shekarar kuma aka sayo Van Dijk da mai tsaron gida Alisson, waɗanda a kansu aka gina nasarorin 2019 da 2020. Amma a 2014 da Luis Suarez ya tafi, an watsa kuɗinsa a kan 'yan wasa da dama, har da Mario Balotelli, kulob ɗin kuma ya faɗo daga na biyu zuwa na shida.

Farkon kakar 2025 zuwa 2026 ya ba kowane ɓangare abin kafa hujja. Liverpool ta ci wasanninta biyar na farko a gasar Firimiya, sa'an nan daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba aka doke ta sau 9 cikin wasa 12, har da kashin da Nottingham Forest ta ba ta 3 da nema da wanda PSV ta Holan ta ba ta 4 da 1, duk a Anfield. A tsakiyar wannan hali Real Madrid ta zo ran 4 ga Nuwamba, Liverpool ta doke ta 1 da nema, aka sake yi wa Alexander-Arnold ihu, wasu ma suka ɓata hotonsa da aka zana a bango kusa da filin. Ran 6 ga Disamba kuma Salah, wanda aka yi ta yabo a Afrilu a matsayin abin koyi wajen biyayya, ya shaida wa 'yan jarida a Leeds cewa ana so a jingina masa dukan laifi, bayan an ajiye shi a benci wasa uku a jere. Wasu daga cikin masu yabon nasa suka juya masa baya a wannan mako.

Ba za a ce rashin mutum ɗaya ne ya jawo wannan koma baya ba, domin sauya rabin 'yan wasan gaba da na gefe a hutu guda, ga kuma juyayin mutuwar abokin aiki, ya isa ya girgiza kowace ƙungiya. Haka nan ba a hana mai goyon baya jin zafi, tun da shi ba ya canja kulob ko an ci ko an faɗi, alhali ɗan wasa ma'aikaci ne da ƙarfinsa ba ya wuce shekara 15. Sai dai ihun da aka yi ran 11 ga Mayu ya sauka a kan wanda ake gani a fili, ya tsallake waɗanda ke zaune a ofis. Tambayoyin da suka fi amfani ga magoya bayan kowane kulob su ne: kwantiragin wa zai ƙare nan da shekara biyu, wa ke da alhakin zama da shi, kuma in ya ƙi, wa aka tanada ya maye gurbinsa? Da an matsa wa shugabannin Liverpool da waɗannan tambayoyi a 2023, da ko dai ɗan wasan ya zauna, ko kuwa an sayar da shi da darajarsa.