Darasin Da Ke Cikin Tikitin Jirgin Rigasa

A watan Yuli na 2016 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 186 daga Idu, a Abuja, zuwa Rigasa. Saboda cunkoso, da kuma masu ɓoye tikiti su sayar da tsada, Gwamnatin Tarayya ta soma sayar da tikitin ta intanet a watan Janairu na 2021.

Abin lura shi ne, kwamfuta ba ta ƙara ko kujera ɗaya a tarago ba. Amfaninta shi ne ajiye lissafi, watau ranar da aka sayi kowane tikiti da sa'ar da aka saye shi. Da wannan lissafi ne ake sanin nauyin da na'ura za ta ɗauka a jajibirin Salla, sa'ad da jama'a ke rububi.

Darasin ya shafi kowane kamfani ko ma'aikata da ke hulɗa da jama'a ta kwamfuta. In an sayi babbar na'ura domin cunkoson kwana uku, sauran shekara zaman banza za ta yi. In kuwa ƙarama aka saya, ran da aka fi bukatarta za ta tsaya, ciniki ya wuce.

Hanya mai araha ita ce a duba lissafin bara, a ware ranakun cunkoso, a yi hayar ƙarin ƙarfin na'ura ta intanet domin waɗannan ranaku kaɗai. Amma lalle a yi shirin tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.