WhatsApp Ba Rumbu Ba Ne

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na malaman wannan reshe ya san yadda gari yake wayewa. Kafin a kaɗa ƙararrawar farko an cika shi da gaisuwa, da katin ɗaurin aure, da jita-jitar albashi. A tsakiyar wannan tarkace ne wata malama za ta jefa tsarin darasin lissafi na aji huɗu, wanda ta yi dare uku tana rubutawa. Bayan mako biyu malamin Kahu da ke buƙatarsa zai nema ya rasa, domin wayarsa ta cika ya share komai. Sai a sake roƙo, a sake turowa, a sake ƙona data da kuɗin aljihunmu.

Wannan asara ce, kuma da hannunmu muke yin ta. Abin karatu bai yi mana ƙaranci ba. African Storybook da StoryWeaver suna ɗauke da labaran yara cikin Hausa, kyauta, a sauke a buga. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport. Abin da muka rasa shi ne mai tacewa, ya ware tsaba daga ƙaiƙayi, ya ajiye inda malamin Kibiya da na Rano za su miƙa hannu su ɗauka.

Iyayenmu ba su taɓa zuba gero da wake a rumbu ɗaya ba. Muna neman reshe ya buɗe ma'ajiya guda a Google Drive, da sunan reshe ba da sunan wani mutum ba, a rarraba ta aji-aji, darasi-darasi, zango-zango. Duk abin da zai shiga, a haɗa shi da layi biyu: wane aji aka gwada shi, kuma yara sun fahimta ko kuwa. Layukan nan biyu sun fi takardar kanta daraja, domin su ne shaidar aji.

Wasu za su ce sabis ba ya kai wa ƙauyuka. Gaskiya ne, shi ya sa dole a riƙa kwafe komai a memori a hannun sakatare, a raba ta Xender ranar taro. Akwai kuma wani dalili: kamfani ba ya rantsuwa da kowa. Google Reader ya rufe a 2013, Pocket ya bi sahu a 2025, masu ajiya a cikinsu suka shiga kwashe kaya.

Waɗanda ba mu da uzuri a gare su su ne masu ɓoye takardun darasinsu kamar laƙani, har su yi ritaya da su a cikin adaka. Malam, yaran da ke ajin maƙwabcinka ba 'ya'yan wani gari ba ne.

Kada kuma hukuma ta ɗauka mun sauke mata nauyi. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, kuma littafi a hannun ɗalibi yana cikin bashin da muke binta. A taron reshe mai zuwa, kowace makaranta ta zo da sunan malami ɗaya da zai shiga aikin tacewa, da darasi biyar da aka riga aka gwada.