Tambarin Aro Ba Ya Rufe Katara

Wani ra'ayi ya kama matasanmu masu buga gem, tun daga Durun da Kabo har cikin Gwarzo. Wai tambarin ɗan wasa ba ya kwarjini sai an sa ƙoƙon kan mutum, ko kyarkeci mai jajayen idanu, ko ɗan ninja mai rufaffiyar fuska, sannan a rataya sunan Turanci a ƙasa. Wanda ya kuskura ya sa abin gida, sai a kira shi baƙauye. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma masu shi yake cuta.

Amfanin tambari ɗaya ne: a gan shi a san kai ne. Tun da Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile ya biyo baya a 2018, Call of Duty Mobile a 2019, miliyoyin matasa ke kokawar neman suna a TikTok da YouTube. Kyarkecin da yaronmu ya sauko da shi daga intanet ya manna a manhajar PixelLab, shi ne dai ke kan shafin wani a Indonesiya da wani a Birazil. To wa zai tuna da shi? Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya fi mu fahimtar wannan: yana shafa wa buhunansa alamar da ba ta kowa ba, don kada su ɓace a cikin lodin mota.

Sai maganar mallaka, wadda ba a cika kawo ta a majalisa ba. Ƙa'idar manhajar zane ta Canva ta hana mutum ya yi rajistar tambarin da ya haɗa da hotunan rumbunta a matsayin alamar kasuwancinsa. Hoton da aka tsinto a Google kuwa yana da mai shi, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikin mai zane. Ranar da shafinka ya bunƙasa, ka so buga riguna da huluna, ko wani kamfani ya nemi ka yi masa talla, ranar za ka gane cewa shekarun da ka yi kana tallata wannan hoto, kayan wani ka yi wa hidima.

Za su ce ai duniya ba ta san kayanmu ba. Ina tambaya: shi ninjan daga ina ya fito? Kayan gargajiyar Japan ne, masu shi suka yi ta nuna shi ba kunya har ya zama na kowa. Kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da wasan Aurion a 2016 bisa tatsuniyoyi da sigogin Afirka, kuma da wannan bambancin ne jaridun ƙetare suka san shi. Damben gargajiyarmu ma, mutanen da ba su jin ko "sannu" suna kallonsa a YouTube. Abin da baƙo bai saba gani ba, shi ke tsayar da yatsansa a kan waya.

Kuma ba mu da talaucin zane. Ga dagin Arewa. Ga aska takwas ta babbar riga. Ga zankwayen soro, ga kwalkwalin 'yan lifidi, ga naɗaɗɗen hannun ɗan dambe, wanda ya fi kowane ƙoƙon kai nuna jarumta. Ga shunin Ƙofar Mata in launi ake so. Mai ɗinkin hular da ke zaune a ƙofar gidanku ya san yadda ake tsara layi ya dace da layi, fiye da manhajar da kake taƙama da ita.

Aikin ma ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Fara da fensir da takarda. Zaɓi siffa guda, launi biyu. Ka tuna cewa a 'yar ƙaramar da'ira za a riƙa ganin tambarin, don haka ka ƙanƙanta shi, ka mayar da shi baƙi da fari. In har yanzu ana gane shi, ya yi. In sunanka na da ƙ ko ɗ ko ɓ, nemi salon rubutun da ke ɗauke da su, kada ka yanke wa sunanka ƙugiya don ka burge wani. Alamar Nike, wadda ɗaliba Carolyn Davidson ta zana a 1971 kan dala 35, lanƙwasa ɗaya ce tak.

Saboda haka, ƙannena, ku daina raina abin da kuka gada. In zanen ya gagare ku, ku biya matashi mai zane na yankinku, ku rubuta yarjejeniya cewa tambarin naku ne, kuɗin ya zauna a gida. Ɗan wasan da ke son a san shi daga Durun har ƙasashen waje, dole ya shiga fili da alamar da babu mai iya ce masa ya cire.