"A Mai Da Su Garinsu": Wane Garin?

Duk sanda aka tayar da maganar mutanen da ke kwana a bakin shaguna a Fagge da Sabon Gari, ko a rediyo ko a majalisar ƙofar gida, amsar ɗaya ce, har na haddace ta: ai ba 'yan Kano ba ne, a kwashe su a mai da su garinsu. Wani ma sai ya ƙara gishiri, wai Bahaushe ba ya rasa makwanci, in ka ga mutum a titi to bara ce ta yi masa daɗi. Masu faɗin haka ba mugaye ba ne, da yawansu masu zakka ne da umara. Amma rabonsu da fita waje da ƙarfe ɗayan dare sun manta.

A hunturun bara na dawo daga jinyar wani ɗan'uwa cikin dare, na biyo ta bayan Kantin Kwari. A ƙarƙashin wata rumfa na tarar da mace da 'ya'ya uku a kan kwalayen da aka zazzage atamfa daga cikinsu. Ta ɗaure ƙafar ƙaramin da gefen zaninta, ɗaya bakin kuma a wuyan hannunta, don kada a ɗauke shi tana barci. Da na yi sallama ta amsa da Kananci tsantsa. Mijinta ɗan dako ne a kasuwar, ya rasu, haya ta ƙare, maigidan ya yi haƙurin wata biyu sannan ya sa wani a ɗakin. Kayanta na wajen maƙwabciya. Da rana tana wanke-wanke a wurin mai abinci, da asuba kuma sai ta tashi yaran kafin mai shago ya iso, su nufi gidan wanka na kuɗi. "Malam," in ji ta, "ni ba bara nake ba, ɗaki na rasa." To wane gari za a mai da ita?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a Fagge ake wannan magana. Fagge fa zangon baƙi ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Nan ayarin Azbin ke sauke gishiri, nan fatoma ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Da dogo ya iso Kano a 1911, sai ga Sabon Gari a wajen 1913, ita ma don baƙi aka yanka ta. Arzikin unguwannin nan biyu daga saukar baƙo ya samo asali. Har cikin ƙuruciyarmu ɗan cirani ba ya kwana a waje, akwai zaure, akwai tabarma, akwai ɗan tuwon da za a miƙo daga cikin gida. Ina zauren yake yau? An fasa bangonsa ta titi, an sa masa ƙofar ƙarfe, ya zama shago ko sito. Gidan da a da iyali shida ke haya a ciki an rushe shi an yi filaza, don dilar yadi ta fi mai haya biya, kuma ba ta haihuwa. Ban ga laifin mai gida don ya nemi riba ba. Laifin shi ne mu rufe zaure da hannunmu, sannan mu ci gaba da tinƙaho da karamcin da ya tafi tare da shi.

Kwashe-kwashen nan kuwa an gwada shi har an gaji. A 2013 gwamnatin Kwankwaso ta yi dokar hana bara. A Fabrairun 2020 Ganduje ya sake shelar haramcin, da korona ta zo aka loda almajirai a motoci aka rarraba su jihohi. A farkon 2025 an sake tattara yaran titi aka kai sansanin alhazai. Gwamnatoci uku, magani ɗaya. Je ƙarƙashin gadar sama ta titin Murtala Muhammad yau da daddare ka ƙirga kwalaye, ka gaya mini ko ya yi aiki.

Na sani, akwai waɗanda suka mai da bara sana'a, kuma akwai baƙi na gaske. Amma matar da ta gudo daga ƙauyen Zamfara ko Katsina saboda 'yan bindiga sun ƙone rumbunsu, ko ta baro Borno shekaru goma da suka wuce, in ka ce ta koma garinsu, hannun wa kake mai da ita? Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya ga dama. Addinin da muke tutiya da shi ma ya sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutum takwas da ake ba zakka, bai ce a tambaye shi takardar shaidar ƙaramar hukuma ba.

Gidajen da muke da su kowanne da irin wanda yake karɓa. Tsoho gajiyayye a kai shi Shahuci, maraya a kai shi Nassarawa. Uwa mai lafiya da 'ya'ya uku, ko magidancin da gobara ta cinye jarinsa, kamar yadda ta yi wa dubban mutane a kasuwar Sabon Gari a Maris ɗin 2016, ba su da layin da za su bi. Shi ya sa mace ke ɗiban 'ya'yanta ta ɓuya in ta hango motar kame: tsoronta kada a raba ta da su. Gidajen rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo kuwa masu kyau ne, sai dai na masu miliyoyi ne.

Abin da ake bukata bai kai gadar sama tsada ba. Ɗakuna ne masu mukulli, da banɗaki da famfo da mai gadi, inda uwa za ta kwana da 'ya'yanta wata uku zuwa shida, a sa yaran a makaranta, a duba lafiyarsu, a haɗa mata kuɗin hayar shekarar farko har da la'adar dillali, tunda a nan talaka ke faɗuwa. Kuma a cikin Fagge da Sabon Gari za a yi su, ba a bayan gari ba, don abincinta a kasuwa yake. In ka kai ta nesa, kuɗin adaidaita kaɗai zai dawo da ita rumfa. Ƙasar Finland tun 2008 ta koma ba mutum ɗaki da farko, sannan a bi da maganar aiki ko magani, kuma masu kwana a waje sun ragu ƙwarai.

Za a ce in an gina, wasu za su kwararo. Sun riga sun zo, ba tare da an gina komai ba. Za a ce babu kuɗi. Jihar da ta aurar da amare 1,800 a Oktoban 2023, kowace amarya da gado da katifa, ba za ta ce ɗaki ɗari ya fi ƙarfinta ba. Ga kuma Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, wadda wakafin gidaje aikinta ne.

Alhazan kasuwannin Kwari da Singa da Sabon Gari, ku kuka fi kowa sanin mutanen nan, don masu gadinku ne ke tashin su kullum da asuba. A cikinku akwai mai gidaje goma a Fagge. Ya ba da ɗaya wakafi kafin hunturu ya shigo, shugaban ƙaramar hukuma ya sa ruwa da mai gadi.